Dutsen Taimamar Kaka

Muna aji ɗaya na sakandare a Jega, malamin kimiyya ya ce kowa ta zo da dutse daga gida. Za mu kasa su uku: wanda ya narke ya huce, wanda ruwa ya tara yashinsa ya daskare, da wanda zafi da danniya suka sauya wa kama.

Kaka ta ara mini dutsen da take taimama da shi tun da ciwo ya hana ta taɓa ruwa. Tafin hannunta ya goge shi har yana sheƙi.

Ban san malam zai riƙa fasa duwatsun da guduma ba. Da ya ɗauki nawa, ni da ba a jin muryata a aji, na miƙe.

"Malam, na taimamar kakata ne."

Ya ajiye gudumar, ya nuna mana siraran layuka a gefen dutsen. Ya ce gulbi ne ya shimfiɗa yashin, hawa kan hawa.

Da na gaya wa Kaka, ta shafa shi tana dariya. "Ashe ruwa ya haife shi! Dole ya tsaya mini."