Gwangwanin Baba Mai Lauje

Shekara talatin Baba Mai Lauje yana yankan ciyawa a bayan gidajen mutane, inda mai ƙaiƙayi ta fi yawa, amma ko ƙurji ɗaya bai taɓa fito masa ba. Sirrin yana cikin wani gwangwani: toka, guntayen sabulun wanki, da man suyar kifi da ya yi baƙi. Kullum da safe matarsa ke lafta masa a baya, ya zauna a rana har ya bushe.

Da ta rasu, aikin ya faɗo kan 'yarsu, Auta. Tana buɗe murfin ta kau da kai ta tofar da yawu.

"Baba, wannan ai ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka."

"Ita ma ciyawar abin da take tsoro ke nan. Ke dai shafa."

Kwana uku ƙarnin ya ƙi barin farcenta, ko abinci ta kasa ci da hannu. Ta ce ta gama.

Washegari ta tarar ya shafe bangon tsakar gida da abin, yana goga bayansa kamar akuya. Rabi ya zube ƙasa, tsakiyar bayan kuwa fata ce zalla, kuma haka zai shiga ciyawar.

Ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta ɗauko ludayin miya.

"Juyo, Baba. Ludayin nan kuma ya bar kicin ɗina har abada."