Tauraro a Farin Yadin Iya

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma na sa almakashi a farin yadin. Na riƙe lokacin ne don a daidai nan injin casar shinkafa na bayan gidanmu a Kura ya mutu. Na dubi agogon bango, sannan na ji ƙarar yankan ita kaɗai a ɗakin.

Bargo nake so in ɗinka wa Iya, kakata ta wajen uba. Tun ina ƙaramar sakandare na yi mata alkawarinsa. Ta zo gidanmu ta ga irinsa a shanye a igiyar maƙwabciyarmu, wata tela 'yar Filato da muke ce wa Madam. An yanka ƙyallaye masu tsini, an harhaɗa su sun ba da babban tauraro mai kai takwas a tsakiyar farin fili, ga auduga a ciki. Iya ta daɗe tana shafa shi. Ni da ko ido ba na iya haɗawa da mutane, sai na ji bakina ya ce zan yi mata. Daga nan duk Sallah sai ta tambaya. Ta sa mini suna malamar alkawari, wai ko sai ta je lahira zan aika mata da shi a adaidaita sahu.

Sai da na shiga kwaleji na ɗaura niyya, a hutun ƙarshen damina. Iya ta aiko da ƙunshi daga ƙauyensu na wajen Bunkure. Tsofaffin zannuwanta ne, sai farin yadi a ninke a ƙasa, da saƙon cewa a kansa za a ɗora tauraron.

Na yanke kusurwa ɗaya ke nan Umma ta shigo. Ƙamshin kafur ne ya tsayar da ita a bakin ƙofa. Ta karɓi yadin, ta buɗe ninkin da ya yi rawaya saboda daɗewa, ta kai hanci. Sai ta zauna a ƙasa, abin da ba ta saba yi a ɗakina ba.

"Kin san abin da kika yanka?"

Na ce ban sani ba. Ta ce Iya ta zo da shi daga Makka shekarar da ta sauke farali. A can ta wanke shi da ruwan zamzam, ta shanya, ta dawo ta ajiye a ƙasan akwatinta. Likkafaninta ne.

Da Baba ya dawo daga gona ya tsaya a kan yadin, bai taɓa ba. Ya ce ƙila kuskure Iya ta yi wajen ƙunsawa, don idonta ya yi rauni. Amma ba zai tambaye ta ba, ɗa ba ya yi wa uwarsa zancen likkafaninta. Umma kuwa suruka ce, ko kusa ba za ta iya ba. Suka dube ni. Jika ce kaɗai ke iya faɗa wa kaka komai ta ce wasa take yi. Na sunkuyar da kai, na ce bari in gama tauraron tukuna.

Aikin yana da wuya. Madam ta yanka mini kwali na awo, ta nuna mini cewa ƙyallen da aka yanka a karkace miƙewa yake in an ja shi ko kaɗan. Kawunan takwas dole su haɗu a ɗigo ɗaya a tsakiya. Nawa na farko ya tashi da ƙullutu kamar cibiya. Na farke, na sake awo da alli, na sake ɗinkawa da hannu. Ya kwanta lafiya lau. Washegari na sake farke shi. Madam ta dubi zaren da ke zube a cinyata, ta ce jiya fa babu abin da ya same shi, ko ina jira ne ya yi magana? Muddin tauraron bai gamu ba, babu dalilin komawa kan farin yadin.

Labari kuma yana ta zuwa daga ƙauye. Iya ta ba maƙwabciyarta awakinta. Ta kira gwaggona ta kwashe kwanukan jerenta. 'Yar gonar albasarta ta bakin kanal ɗin ban ruwa, wadda ba ta yarda kowa ya taka, ta ce wa ƙanen Baba ya noma abinsa bana. Ƙafafunta sun kumbura. Wata rana Baba ya dawo daga duba ta, na ji yana gaya wa Umma a hankali cewa ta kira shi da sunan yayansa da ya rasu. Ko dai hankalinta ne ya fara gushewa, mun bar ta ta lalata abin da ta tanada da hannunta, ko kuma sarai ta san abin da take yi. Na rasa wanne ya fi ba ni tsoro. Kuma duk wanda ya je sai ta aiko shi da tambaya ɗaya: ina bargon?

Ranar da na tafi ƙauyen ana yankan shinkafa, an fara sakin ruwan rani a kanal. Daga inda mai babur ya sauke ni na bi gefen ruwan da ƙafa, ƙunshin a ƙirjina. Iskar da ke tasowa daga ruwan ta fara sanyi.

Na same ta a tabarma a ƙofar ɗakinta tana shan hantsi. Ta ce lalle, yau malamar alkawari ce da kanta, ko an rufe makarantun duniya ne? Na durƙusa na gaishe ta, na shimfiɗa tauraron a cinyarta. Ta bi ɗinkin da yatsa har tsakiya, ta danna, ba ta ji ƙullutu ba, sai sawun allura na farkewar da na sha yi. Ta gane kowane zane da taɓawa: wannan na sunan Baba, wannan na bikin gwaggo. Babu wanda ta kuskure. Sannan ta laluba gefen, ta ji babu komai.

"Ina farin?"

Na fito da shi. Ta shafa inda na yanke. Wasan da aka ce in yi ya ƙi zuwa.

"Iya, na Makka ne fa. Na ƙasan akwati."

Ta ninke yadin yadda yake a da, ta ɗora mini a hannu, ta rufe hannuna da nata.

"Na san abin da na ba ki, 'yar nan. Mamaci ba ya rasa farin yadi, kafin a gama haƙa an sayo wani. Wannan ina so in ji ɗuminsa da raina. Ki daina farkewa. Sanyin bana kaɗai nake nema."