Gidan Da Na Yi Wa Bara, Ni Aka Fara Kwantarwa

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A shekarun da rikici ya toshe hanyoyin arewa, kaya suka daina saukowa, kasuwa ta mutu a Douala, ni bazawara ce mai ɗa ɗaya, haifaffiyar unguwar New Bell, jikar mutanen da suka zo fatauci suka zauna. Na ɗan yi boko, ina jin Faransanci kamar Hausa, ina kuma tsaron wani shagon atamfa a kasuwar Mboppi. Da ciniki ya tsaya, mai shagon ya sallami 'yan dako, ɗaukar dilar kaya ta dawo kaina. Bayana ya fara ciwo, wani ɗan dako ya ba ni tiramol, ya ce da ita suke wuni ba su san gajiya ba. Kafin in farga aikin ya tafi, dangin tsohon mijina sun karɓe yaron, 'yan gidanmu kuma sun gaji da kulle ni a ɗaki.

Wadda ta tsince ni wata dattijuwa ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, da kowa ke kira Hajiya, ni kuma nake kiranta Inna. Ta shimfiɗa mini katifa kusa da gadonta, ta yi jinyata ta amai da rawar ɗari da zagin da nake yi mata, har na warke na yi ƙiba. Inna tana yawan cewa namiji idan ƙwaya ta kama shi ana nema masa magani, mace kuwa ɓoye ta ake yi don kada a ji. Burinta shi ne a sami gidan da za a riƙa kwantar da mata irina har su warke. Wani mutum ya ba ta wani tsohon gida da ya gada a unguwar Kassalafam, ba rufi, ba ƙofa, ruwan sama ya mayar da tsakar gidan kududdufi. Sai muka shiga yawon neman taimako.

Babu inda ba mu shiga ba: taron adashin mata, gidajen biki, shagunan manyan 'yan kasuwa, wurin direbobin manyan motoci a bakin tashar jiragen ruwa. Inna ta yi bayanin gidan, sannan ta ce 'yarta za ta yi magana. Ni ce 'yar. In tashi in ba da labarina, inda ake jin Hausa da Hausa, inda ba a ji da Faransanci. Mata su yi kuka, su rungume ni. Wannan ya ba da siminti, wancan ya yi alkawarin katako. Ni da a da ake tsallake ni a bakin kwata, yanzu ana matsa mini wurin zama. Gaskiya na ji daɗin abin, fiye da yadda na nuna.

Muna cikin haka aka kawo wa Inna wata yarinya 'yar gudun hijira daga arewa, wadda rikici ya cinye mijinta da garinsu, ƙwaya kuma ta kama ta a tasha. Ƙashi da fata ce kawai, hannunta na rawa, Hausarta a karye, gauraye da Fillanci. Tun ranar farko take kirana Adda, wato yaya a harshensu. Inna ta ce in yi haƙuri in koma ɗakin waje, domin yarinyar na bukatar ido a kanta. Na naɗe kayana na fita ina murmushin dole. Daga ɗakin waje ina jin Inna tana lallashinta ta sha kunu, da irin muryar da na ɗauka tawa ce ni kaɗai.

Da yake ba za a bar ta ita kaɗai a gida ba, Inna ta fara fita da ita. Ba a ce ta yi magana ba, amma idon kowa a kanta yake. Wata rana a taron adashi, wata matar attajiri ta dube ni sama da ƙasa, ta yi dariya ta ce ni kam ban yi kama da wadda ta taɓa shan ko maganin ciwon kai ba, a bar waccan ta faɗi nata. Yarinyar ta yi magana kanta a sunkuye, kalma ɗaya ɗaya. A ranar aka ba mu ƙofofi da tagogi. Tun daga nan na zama tafinta. Ita ta faɗa, ni in juya zuwa Faransanci. Da bakina nake gyara labarinta, in ga hawaye na zuba, sannan a wuce ni a je a rungume ta.

Ina jin kunyar rubuta wannan, amma na yi kishin ramarta. Na yi kishin rawar hannunta. In tsaya gaban madubi in ji haushin kumatuna. Idan ta gaishe ni in amsa ciki-ciki, idan ta wanke mini kaya in sake wanke su a gabanta. Ita kuwa ba ta fasa Adda kaza, Adda kaza ba, wannan ma ya ƙara ƙona mini rai. A zuciyata na yanke cewa Inna marar lafiya kawai take so, wanda ya warke ya gama amfani. Ranar da direbobi suka sauke mana kwanon rufi, Inna ta kama hannun yarinyar ta zaga da ita ɗaki ɗaki, tana nuna mata inda za a sa gadaje. Ina biye da su riƙe da lema, ba wanda ya waiwayo. Da muka fito na ce zan biya wurin ƙawata, na hau babur na nufi wurin mai ƙwayar da na sani. Na gaya wa kaina guda ɗaya ce kawai, don Inna ta kalle ni ta gane.

Ba ta gane ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Matar da ta san numfashina, na zauna gabanta idona ya canza, ta miƙo mini jaka ta ce in yi sauri mun makara. Sai na ƙara, na kuma ƙara, har abin ya daina zama don Inna, ya koma yadda yake a da. Ina tsayawa gaban jama'a ina roƙo a taimaki mata masu shaye-shaye, ƙwaya tana ƙulle a bakin zanena.

Asirina ya tonu ne a taron wata ƙungiyar mata ma'aikatan ofis, waɗanda suka yi niyyar ɗaukar nauyin gadaje da katifu gaba ɗaya. Ina tsakiyar fassara sai jijjiga ta kama ni, na faɗi. An ce matan sun dare, Inna ma ta daskare a tsaye. Yarinyar ce ta durƙusa ta juya ni gefe, ta tallafe kaina a cinyarta, ta cire mayafinta ta rufe mini jiki. Da na farfaɗo a asibiti ita ce a gefena. Ta ce tun farko ta gane, domin mai sha ba ya ɓuya ga mai sha, amma ta ji tsoron faɗa wa Inna kada in ce tana so ta raba ni da uwata. Ta ce kullum idan jikinta ya matsa mata, ni take kallo ta ce tunda Adda ta warke ita ma za ta warke. Na juya fuskata bango.

Matan ofis suka janye alkawarinsu. Magana ta zaga New Bell cewa wadda ake nunawa ta warke ma ƙarya ce, wasu da suka yi niyyar bayarwa suka noƙe. Buɗe gidan ya ja baya har damina ta wuce, kuma a tsakanin nan akwai matan da aka kawo aka mayar, domin babu inda za a sa su. Ɗaya daga cikinsu ba ta kai ga buɗewar ba, ta rasu. Inna ba ta zage ni ba. Ta ce ita ma da laifinta, ta jingina da ni ne don ta ɗauka na yi ƙarfi, ta manta cewa wanda ake jingina da shi ma yana gajiya. Amma ta ce in sani ba za ta mayar da ni ɗakinta ba, magani zan yi kamar kowa.

Da aka buɗe gidan, da tabarmi aka buɗe shi, kuma ni ce mace ta farko da aka kwantar. Yarinyar ce ke kawo mini abinci. Ɗana kuwa, da ake gab da dawo mini da shi, sai da ya yi wayo sosai kafin aka yarda in gan shi.

Yau ina lafiya, ina koyar da ɗinki a gidan, ba na kuma fita yawon neman taimako. Abin da na koya shi ne ƙwaya ba ta dawo mini ta hanyar talauci ko ciwon baya ba, ta hanyar kishi ta dawo, kishin da na ji nauyin furtawa. Da na buɗe baki na ce Inna ina jin an ajiye ni, da magana ɗaya ta wadatar. 'Yan'uwana mata da Allah ya fitar daga wannan masifa, kada ku bari tausayin mutane ya zama sabuwar ƙwayarku, domin yana yankewa ranar da kuka yi kyan gani. Ku kuma masu aikin taimako, ku riƙa waiwayar wadda ta warke, ku tambaye ta yaya take, ko da tana dariya. Allah ya tsare mu, ya jiƙan wadda ba ta samu gurbi ba saboda ni.