Kwanon Malam Bello Mai Shuɗin Murfi

Har gobe ban manta da Litinin ɗin da firji da na'urar ɗumama abinci suka fara aiki a ofishinmu na aikin gona da ke Gummi ba. Ni ce sakatariya a lokacin, ni kuma aka damƙa wa kula da su. Wani shirin bunƙasa noman shinkafar fadama ne ya sa mana wutar sola, kayan suka biyo baya. Ku da kuka zo kuka tarar da su ba za ku gane murnar da muka yi ba. Kafin nan, tuwon da ka taho da shi da safe sai dai ka ci shi da sanyinsa, miya kuwa wani lokaci ta yi tsami kafin azahar.

Ranar kowa ya zo da kwanonsa. Sani direba, wanda ba ya ganin maɓalli bai danna ba, ya naɗa kansa shugaban ɗumame. Na'urar na yin ƙara yana tafi, yana cewa, "Ku dibi ikon Allah, wuta ba hayaƙi!" Har masinja daga ofishin maƙwabta ya leƙo kallo.

To, al'adarmu ita ce duk abin da aka kawo, a juye a babban faranti a ci tare. Ba a cewa "nawa" a kan abinci. Saboda haka da aka idar da salla, Sani ya kwashe duk kwanukan abincin da ke cikin firjin, ya ɗumama, muka zauna muka share. A ciki har da wani ɗan kwano mai shuɗin murfi, na faten wake da zogale.

Kwanon na Malam Bello ne, babban malamin gona, wato mai zagaya manoma yana duba shuka. Tun safe ya ajiye ya fita fadama. Abin da ba mu sani ba, yana da ciwon suga, kuma allura yake yi wa kansa kafin cin abinci. Wanda ya yi allurar nan dole ya ci wani abu nan da nan, in ba haka ba sugan jikinsa ya faɗi. A da yakan tafi gida da rana. Ranar, don ya ga an sami firji, ya taho da abincinsa.

Ya dawo, ya shiga ofishinsa ya yi allura, ya fito ya buɗe firji. Babu kwanonsa.

"Sani, ina ɗan kwanon nan mai shuɗin murhi?"

"Ai munka yi bisimilla da shi, Malam. Sai dai gishiri ya yi kaɗan!"

Malam Bello ya yi murmushi, ya ce, "Madalla, Allah shi amfana." Ya koma ya zauna.

Ba a jima ba na shiga kai masa takarda, na tarar gumi ya jiƙa masa riga, magana tana harɗewa. Innata tana da ciwon nan, na san alamarsa. Na ce, "Malam, suga gare ka?" Ya gyaɗa kai da ƙyar. Na fita a guje ina kiran Sani. Abin da ya rage a firjin kawai fura da nono ne da muka saya wurin Bafulatanar da ke kawo mana, muka ajiye don la'asar. Na zuba suga, na dama, Sani ya tallafe shi, muna ba shi da ludayi. Yana sha, ido na dawowa. Da ya ce "Alhamdu lillahi" da muryarsa sosai, sai da na yi guɗa a cikin ofis!

Shugaban sashenmu ya tambaye shi, "Haba Malam, mi yas sa ba ka hwaɗa muna ba?"

Ya ce, "Ranka shi daɗe, da wane baki zan ce ma 'yan'uwana kar su taɓa abincina?"

Shugaba ya ba da shawarar kowa ya rubuta sunansa a kwanonsa. Ba wanda ya yarda, kunya ba za ta bari ba. Sai muka tsaya a kan cewa kantar sama ta firjin ta masu dokar likita ce. Abin da aka sa a nan ba a taɓawa, ba a kuma tambaya. Na ƙasa duk na faranti ne.

Washegari na buɗe firji ina tsammanin kwano ɗaya a sama. Sai na ga har da na shugaba, mai hawan jini, da na Sani, wanda gyambon ciki ya daɗe yana damunsa, alhali kullum yana cin yajinmu yana dariya. Na tsaya riƙe da ƙofar, daɗi da tausayi suka cika ni.

Abin da na koya ke nan game da mutanenmu: ma'aikaci zai iya jure yunwa da ciwo, amma ba zai buɗe baki ya hana abokin aikinsa abinci ba. Idan kuna son ya tsira, ku ware masa wurin da zai ajiye nasa ba sai ya roƙa ba.