Kawu Iro da Igiyar Jan Mota

Duk Asabar ɗin duniya, kafin Kawu Iro ya gaisa da kowa a filinmu, sai ya fara zuwa gindin tsamiyar da muke rataye igiyar jan mota, ya ɗan rusuna ya ce, "Barka da hantsi, igiya. Yau ma ba ni ba ne, ki nemi wani." Sannan ya juyo ya ba mu hannu. Ku da kuka san shi kun san ban ƙara gishiri ba.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, filin nan yana wajen Yalwan Damai, inda masu aikin titi suka ɗebi jar ƙasa suka tafi suka bar wurin fetal. Mu 'yan tsiraru ne daga Birnin Kudu da Gwaram, 'yan kasuwa da ma'aikata da masu motocin haya, waɗanda ciwon mota ya kama. Muka jera tsofaffin tayoyi muka fitar da hanya mai kwana-kwana, kowa ya zagaya shi kaɗai ana duba masa lokaci a waya. Babu kofi, babu kyauta. Abin gudu ɗaya ne: motarka ta mutu a hanya, Alhaji Sule mai motocin haya ya zo da ƙatuwar motarsa ya ɗaura maka igiya, ya jawo ka har gindin tsamiya ana hon ana tafi. Babu wanda bai sha wannan kunya ba. Ni kaina na sha ta har na daina jin ɗacinta. Sai fa Kawu. Kuma motarsa ta fi ta kowa mutuwa!

Kawu yayan mahaifiyata ne, hatsi yake sayarwa a Gwaram. Motar tasa wata tsohuwar fara ce mai dogon baya, ta girme ni, shi ya sa yake kiran ta Gwaggo, kuma dole kai ma ka kira ta haka. In ta mace masa, shi kaɗai yake tura abarsa, babbar riga a naɗe a kafaɗa. Ka kai hannu ka taya shi, ya daka maka tsawa kamar ka taɓa masa abinci. Wani dattijo ya taɓa ce masa a kasuwa, "Alhaji, da furfurarka kake wasan yara?" Ya ce, "Kai da taka furfurar kake zaune a benci kana kallon motocin mutane. Ni tawa nake tuƙawa."

Wata Asabar Gwaggo ta yi zafi a kwanar can ƙarshe, ta yi tari biyu ta yi shiru. Wurin hawa ne, mota ba ta turuwa. Alhaji Sule har da rawar kafaɗa ya sauko da igiya, muka ɗunguma bayansa. Muna isa muka tarar Kawu ya shimfiɗa darduma daidai gaban motar, a inda ake ɗaura igiyar, ya tayar da sallar walaha. To wa zai tsallake mai sallah? Muka tsaya. Ya sallame, ya ɗan waigo ya ga igiya tana nan a hannun Alhaji Sule, ya miƙe ya sake kabbara. Ya sallame, ya waigo, ya sake. Rana ta take, gumi ya jiƙa mu sharkaf, shi ko a jikinsa. Sai da injin ya huce tas, ya naɗe dardumarsa ya shiga, ya murɗa makulli, Gwaggo ta tashi.

"Alhaji Iro, wannan ai zalunci ne!" in ji Alhaji Sule.

Ya leƙo ta taga ya ce, "Allah ya saka maka da alheri, Sule. Rabona da nafila mai yawa haka tun a Makka."

Kun tuna shekarar gero? Kawu ba ya fitowa da mota don wasa kaɗai, a cewarsa ɓarnar mai ce. Sai ya cika but ɗin bayan motar da buhunan da zai kai wa wani a Birnin Kudu, ya biyo ta fili ya yi zagayensa, ya wuce. In ka yi magana ya ce nauyin ne yake riƙe masa bayanta a kwana. Ranar ƙarshe kafin damina ta kore mu, ashe wani buhu ya fashe, kuma ƙasan but ɗin Gwaggo ya daɗe da zama rariya. Babu wanda ya lura. Da ruwa ya zauna muka leƙa mu ga yadda filin yake, sai ga gero kore shar ya fito layi guda, ya zagaye hanyar kaf.

Kawu ya riƙe ƙugu ya ce, "To ga makaranta Allah ya buɗe muku kyauta. Ku bi layin nan ku koyi yadda ake shan kwana."

Muka bi kuwa. Muna zuwa kwana ta uku sai muka ga layin ya bar hanya, ya ratsa ta bayan tayoyi, ya yanke kusan rabin kwanar, sannan ya dawo salin-alin.

Na ce, "Kawu, geron nan fa ya bi ta inda doka ta hana."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ɗan ƙanwata ne ko ɗan sanda? Tururuwa ce ta kwashe shi ta kai can."

"A jere, Kawu? Daidai faɗin mota?"

"Ka taɓa ganin tururuwa ta yi aikin banza?"

Da kaka ya aiko aka girbe geron, ya ce gonarsa ce tunda irinsa ne. Kunun da aka dama da shi, mu aka kawo wa a fili, kuma sai da kowa ya ce an gode kafin ya bari a sha.

Ranar da giyar gaba ta ƙi shiga kuwa, muka ce yau dai ƙarya ta ƙare. Ya kai tsakiyar hanya, ta ɗaya ta ƙi, ta biyu ta ƙi, sai kuka take. Alhaji Sule ya fara warware igiya yana waƙa. Can sai muka ga Gwaggo ta juya a hankali, ta ba mu baya, ta taho. Da ribas! Kawu ya fito da kai ta taga, hular kwano a kan hular zanna, ya sha sauran kwanonin nan da baya har ya tsallake layin da ake gama zagaye.

Alhaji Sule ya ce, "Wannan ba ya cikin lissafi."

"Dokarku cewa ta yi a zagayo. Ta ce da fuska ko da ƙeya?"

Kwana da kwanaki wuyansa bai juyu ba. In za ka gaishe shi sai ka zagaya ta hagunsa.

Da ciwon suga ya ci ƙarfinsa, ƙafa ta fara nauyi, likita ya hana shi tuƙi, 'ya'yansa suka ɓoye makulli. Asabar ta zama ba daɗi. Sai wata safiya muka ji salansar da babu mai irinta, ga Gwaggo tana tafe. Ashe yana da wani makullin a cikin matashin kansa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na ce, "Kawu, don Allah bari in zauna a gefenka." Ya ce, "Ka zauna a gefen tsamiya."

Ya tafi a hankali, ya sha kwanonin duka, ba yanke. Saura ɗan miƙaƙƙen nan na ƙarshe, muna ganin fuskarsa, Gwaggo ta mutu. Ya murɗa, shiru. Ya sake, shiru. Ya buɗe ƙofa ya sauko da ƙafa ɗaya zai tura, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya koma ya zauna. Wallahi ban taɓa jin filin nan ya yi tsit haka ba. Babu wanda ya taɓa hon. Ni dai zuciyata ta karye, don na san in aka ja shi yau, an gama da shi tun kafin ciwon ya gama.

Alhaji Sule ya nufi tsamiya, na ce a raina ashe mutumin nan ba shi da imani. Sai na ga babbar rigarsa ya tuɓe ya rataye a reshe. Ya tafi bayan Gwaggo ya dafa but. Muka bi shi gaba ɗaya.

Kawu ya leƙo. "Kai! Wa ya ce ku taɓa mini mota?"

Alhaji Sule ya ce, "Ba ja ba ne, Alhaji. Turi ne."

Ya dube mu ta madubi ya ce, "Wanda aka ja, a baya yake. Wanda aka tura fa?"

"A gaba yake."

"To ku tura da kyau, ragwaye! Sule, ƙarfin naka na igiya ne kawai?"

Haka muka taho da shi, yana riƙe da sitiyari yana zaginmu, mu muna haki muna dariya, wasu na share ido da kafaɗa. Da Gwaggo ta tsallake layi ya ja birki, ya ɗaga hannu ya ce, "Ku shaida, yau duk na riga ku isowa."

Bai sake zuwa fili ba. Kafin damina ta kama aka yi mana waya daga Gwaram, Allah ya yi masa rasuwa. Alhaji Sule, wanda ya shekara da shekaru yana farautarsa da igiya, shi ya fi kowa kuka, kuma har aka isa maƙabarta bai yarda ya saki makarar ba.

Ya Allah, ga Kawu Iro nan ya zo maka. Mun san shi da taurin kai, amma ba mu taɓa ganin ya kwana da kowa a rai ba. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci. Ranar ƙiyama da za a ja waɗansu, kada ka sa shi a cikinsu, ka ba shi ikon ƙarasawa da ƙafarsa. Amin.