Sallamar Kawu a Kolokondé

Shekarun baya saura ƙiris a kore ni daga koyon aikin fim saboda amsa sallama.

Kafin nan bin mota nake yi. Kawuna, yayan mahaifiyata, dillalin shanu ne a Djougou, shi ya riƙe ni tun rasuwar babana. In an loda shanu za a kai kudu, ni ke hawa saman kamiyo, babbar motar kaya, da sanda, wadda ta faɗi in tashe ta kafin sauran su tattake ta. Wata tafiya motar ta kife da mu. Na fita da karyayyen ƙugu, wasu ba su fita ba. Da na warke ƙafa ɗaya ta gajarce, hawa mota ya ƙare. Na koma Parakou ɗakin abokina a Titirou, ina cin abincinsa ina kallon bango.

Abokin nan zem yake ja, wato babur ɗin haya, ba labarin da ke wuce shi a gari. Shi ya zo ya ce wasu masu shirin telebijin za su koyar da ƙananan ayyuka, jan waya da ɗaukar fitila da riƙe makirfo, kuma in an gama za su riƙe kaɗan daga ciki su ba su aiki. Na ce ni ban yi lakwal ba, ban taɓa shiga ajin boko ba.

Ya ce, "Wa ya ce takarda za ka ɗauka? Kaya ne. Tashi ka je, tuwona ya gaji da kai."

Na je. Malamin sauti mutumin kudu ne, siriri, ba ya dariya. Ya dubi ƙafata, ya dubi damatsana, ya miƙo mini wata doguwar sanda mai makirfo a kai. Aikin shi ne ka ɗaga ta da hannu biyu bisa kan mai magana, kada ta shiga hoto, kada inuwarta ta faɗo. Daga an ce "silans", wato a yi tsit, har a ce "kupe", wato an gama, ba motsi, ba tari. Shi yana zaune da abin ji a kunne, ko cikinka ya yi ƙugi yana ji. Yaran da suka yi lakwal hannunsu kan fara rawa tun ba a je ko'ina ba. Ni nan ban samu matsala ba.

Matsalata baki ne. Muna gwaji a tsakar wani gida sai wata tsohuwa mai tallan koko ta leƙo ta yi sallama. Kafin in yi tunani na amsa, har da rusunawa. Da na rusuna sandar ta rusuna, makirfon ya sauko kan hancin mai magana. Kowa ya yi dariya ban da malamin. Na ce ai ita ta fara. Ya ce muryarta daga nesa take, ba ta ɓata masa komai ba, tawa ce a gindin sanda.

Bayan 'yan kwanaki na sake, wannan karon wani dattijo ne. Ba wanda ya yi dariya. Malamin ya cire abin kunnensa ya ce in na ƙara, in ajiye sandar in tafi gida. Ni kuwa ba gidan da zan tafi.

Na sami limamin masallacin unguwarmu bayan la'asar na gaya masa. Ya ce ai ko mai salla in an yi masa sallama ishara yake yi, ba ya buɗe baki. Aikina ba salla ba ne, amma in yi ishara, in an gama in je in gai da mutum yadda ya kamata.

Na ce, "Malam, hannuna biyu suna sama."

Ya ce, "Kan fa? Shi ma sun karɓe?"

Gwajin ƙarshe aiki ne na gaske, a Kolokondé. Hira za a yi da wani tsoho manomin doya, ba shi da lafiya sosai, 'ya'yansa sun ce sau ɗaya zai zauna. Ga hadari ya haɗu. Aka ce silans, na ɗaga sanda, tsohon ya fara magana a hankali, dole in bi bakinsa.

Sai na ji babur ya tsaya can bakin hanya. Ashe Kawu ya zo duba wasu shanu a ƙauyen, aka ce masa ga ɗanka can tare da masu hoto. Rabona da shi tun da na bar Djougou da sandar dogarawa. Ya tako ya tsaya daga gefena, ya yi sallama.

Na gyaɗa kai.

Ya kira sunana. Na sake gyaɗa kai, idona kan bakin tsohon.

Ya ce, "Da kai nake."

Gwiwata har ta fara lanƙwashewa da kanta. Na danne ta. Gumi na zuba mini a ido, ba hannun sharewa. Ban san tsawon da ya ɗauka a tsaye ba. Na dai ji takunsa yana komawa, na ji babur ya tashi. Da aka ce kupe na jingine sandar na ɗingisa zuwa hanya, ba kowa.

Malamin ya tambaye ni wane ne. Na ce wanda ya raine ni. Ya ce in naɗe wayoyi kafin ruwa ya sauko. A mota muna komawa ya ce ina cikin waɗanda za a riƙe.

Washegari na shiga motar Djougou. Na tarar da Kawu a ƙofar gida da abokan cinikinsa. Na yi sallama na durƙusa, bai amsa ba. Ya ci gaba da zancen wani bijimi da ya ƙi sayuwa, ni ina ƙasa, ƙugun yana mini zogi. Sai da mutanen suka fara kallon juna sannan ya juyo.

"Ka ji yadda take?"

"Na ji, Kawu."

"Ni a gaban baƙi aka yi mini."

Na yi masa bayanin sandar da maganar liman. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce shi bai ga aikin da zai hana mutum amsa wa babba ba, amma tun da ƙafar ta hana ni na gado, in riƙe wanda na samu. Ya ce in tashi haka nan kafin in ƙarasa ƙugun, ya sa aka kawo mini fura.

Bai taɓa cewa ya yafe ba, ni ma ban tambaya ba. In na je gaisuwa yakan ce wa mutane, "Ga kurman gidanmu ya zo." Har ya rasu haka yake kirana.

Tun daga lokacin, duk inda za mu yi aiki ina riga kowa sauka, in bi ƙofa ƙofa in gai da manya, in gaya musu in sun gan ni da sanda a sama su yi haƙuri, ba raini ba ne. Wasu sun gane, wasu ba su gane ba. Har yau in aka yi sallama muna cikin ɗauka sai na ji amsar ta taso ta tsaya mini a wuya. Ban saba ba, na dai iya riƙewa.

Yanzu ina Parakou, ɗakina daban, da mata da 'ya ɗaya. Sandar nan nake riƙewa, ita ke ciyar da mu.