Daren da Inna Ta Ƙi Taka Tsakar Gida

Ina da shekara goma sha huɗu ko sha biyar aka aiko wa Inna da goron gayyata daga birni. Muna zaune a Tudun Wada a lokacin, Baba yana sayen dawa da gero yana kai wa masu haƙar kuza a Riruwai, sai jefi-jefi yake kwana a gida. Direban lorin da ke zuwa cin kasuwarmu ne ya kawo goron, da saƙon cewa wani Alhaji ya gama gyara gidan kakanninsa, za a yi saukar Alƙur'ani, kuma ana son duk wanda ya taɓa zama a gidan ya zo ya sa albarka.

Na san Inna ta yi aure a birni kafin Baba ya aure ta. Mijin ɗan kasuwa ne mai safarar goro, ya rasu a hanya, ta gama takaba ta koma gidan iyayenta a Bebeji. Wannan Alhajin ɗan wansa ne. Bayan tsofaffin gidan sun ƙare sai magada suka watse, damina ta yi ta cin ginin har soraye suka rufta, awakin unguwa suka mai da shi wurin kwana. Da gyaɗa ta yi wa Alhaji albarka sai ya ce ba zai yi kwano da bulo irin na zamani ba, a kira masa tsofaffin magina su mayar masa da gidan yadda kakansa ya bar shi. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma ni a ganina za mu je cin shinkafa ne da kallon birni.

Ana gobe za mu tafi ƙanwar Inna ta zo daga Bebeji don ta zauna da ƙannena. Tana yi mini kitso a bayan rumbu sai ta danne kaina da gwiwa, ta rage murya.

"Ke, ki buɗe kunnenki. Uwarki tana da ɗa a gidan nan da za ku."

Na yunƙura zan ɗago, ta sake danne ni.

"Namiji ne, ɗan farinta. Ya fara rarrafe ƙyanda ta ɗauke shi. A bayan ɗakinta aka binne shi, gindin lalle, yadda ake yi wa ƙananan yara. Tun da ta fito ba ta sake komawa ba. Ba shinkafa za ta kai ta ba, wurin take so ta gani. Ki sa mata ido, amma kada ki kuskura ki tambaye ta, na san bakinki."

'Yan yanzu ba za su gane nauyin wannan magana ba. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko kuka yake sai ta kau da kai har wata ta ɗauko shi ta miƙa mata. In ya mutu ma kunyar ba ta mutuwa. Ranar da aka binne yaron nan, in ji ƙanwarta, Inna tana bakin murhu tana tuƙa tuwon 'yan gaisuwa, ido a bushe, aka yi ta yaba mata cewa 'yar mutunci ce. Saboda haka ba za ta iya shiga gidan ta ce, "Ina kabarin ɗana?" ba. Gara ta haɗiye harshenta. Kuma dare ɗaya kawai muke da shi, don direban ya ce da hantsi zai juyo.

Bazara ce, zafi kamar a gasa gurasa a kan dutse. Muka hau bayan lori a kan buhunan dawa. Inna mace ce mai hira, in ta hau mota kafin a kai Kwanar Dangora ta san sunan kakar kowa, amma ran nan ba ta ce uffan ba. Sai kwance ƙullin kayanmu take tana sake ɗaurewa, ta gyara lulluɓi, ta kuma gyarawa. Ni kuma maganar da aka zuba mini na rasa inda zan ajiye ta.

Da la'asar muka isa ƙofar gidan. Gani ya kori ji. An shafe fuskar ginin da makuba tana ƙyalli, zankwaye a tsaye a kowace kusurwa kamar kunnen zomo, an yi zane a saman ƙofa mai murɗe-murɗe har ido ya gaji da bi. Cikin zauren sanyi ƙalau, rufin ya lanƙwaso sama, azara a jere kamar an tsefe su. Alhaji yana tsaye cikin manyan mutane yana nuna musu, yana cewa ko ƙofar nan ta kakansa ce, a cikin ɓaraguzai aka tono ta. Inna ta durƙusa ta gaishe shi, da yake matar baffansa ce sai ya ce mata, "Sannu da zuwa, Baba, kin ga gidanku ya dawo." Na ga fuskarta ta ɗan saki, don ta gane zauren, har ta shafa bangon da tafin hannu.

Muka ratsa soro na biyu muka faɗa cikin gida, sai ta tsaya cak, har na yi karo da bayanta.

Maza dai maza ne. Abin da ake gani daga titi, da inda baƙi za su zauna, shi aka mayar tamkar jiya. Cikin gida kuwa, inda mata suka yi rayuwarsu, ba wanda ya tambayi yadda yake. An rushe katangun da suka raba sassa, an haɗe su fili ɗaya fetal, an daɓe shi sumul daga bango zuwa bango. An cike rijiya an kafa famfo a wata kusurwa. Ɗakuna sababbi a jere a gefe guda. Ba lalle, ba kututturensa, ba ɗakin Inna. Ko ƙofar shigowar an matsar da ita, har da magariba ta yi sai da Inna ta tambayi wata yarinya ina ne gabas, a gidan da ta yi shekaru tana salla.

Filin kuma cike yake da mata. Ga tukwane a kan murhu, ga masu daka, ga yara suna guje-guje, ga masu wanke-wanke suna watsa ruwa duk inda suka ga dama. Matar Alhaji, wata doguwa mai fara'a, ta shimfiɗa mana tabarma a tsakiyar fili ta ce mu zauna mu sha iska. Inna ta dubi tabarmar, ta dubi ƙasan da ke ƙarƙashinta, ta ce ƙafarta ta sage a mota, bari ta ɗan miƙe ta tukuna.

Daga nan ba ta sake zama ba. Sai bin jikin bango take, kafaɗarta tana gogar katanga, ta je kusurwa ta tsaya ta ƙura wa filin ido, ta juya ta dubi saman soro kamar tana auna wani abu, sannan ta koma ɗaya kusurwar. In za ta je wurin famfo ba ta ratsawa ta tsakiya, sai ta zagaye gidan kaf. Wani yaro ya yi tsalle ya dira a gabanta, na ga ta runtse ido kamar a kan ƙafarta ya dira. Aka kawo shinkafa da nama, abin da na yi ta mafarki tun daga gida, na ci loma kaɗan na ture kwanon. Mata suna ta tsokanarta, wai ƙauye ya mai da ita kazar da ke neman wurin ƙwai. Ta yi musu dariya. Wannan dariyar ta fi komai ba ni haushi, na ji kamar in kife tukwanen nan duka in yi ihu in ce ku ɗaga ƙafafunku.

An hana ni tambayar Inna, amma ba a hana ni tambayar wani ba. Akwai wata tsohuwa da Alhaji ya dawo da ita gidan, yayar mijin Inna na fari, kowa yana ce mata Gwaggo. Idonta ya tafi, tana zaune a ƙofar ɗaki tana jan carbi. Bayan isha'i na rarrafa kusa da ita na gaishe ta, na gaya mata ko ni 'yar wace ce.

"Ayya, 'yar amaryarmu ce! Uwarki ta iya miyar kuka, har yau ban sha irinta ba."

"Gwaggo, ina ne ɗakinta yake a da? Wanda yake da lalle a baya."

"Lalle? Ai lalle biyu ne a gidan nan, ko uku. Me za ki yi da shi, aure za ki?"

Na matsa har bakina ya kusa taɓa kunnenta. "Yaron da ta haifa, Gwaggo. Wanda aka binne."

Carbin ya tsaya a hannunta. Na ce a raina yanzu za ta nuna.

"Ta haihu a gidan nan? To, ikon Allah. Mace ce ko? A'a, waccan ta matar ƙaramin ce." Ta girgiza kai. "'Yar nan, yaran da ke kwance a ƙasan gidan nan wa ya san iyakarsu? Nawa ma biyu suna ciki, kuma in kin kashe ni ba zan nuna miki wurin ba. Allah dai ya sa masu ceto ne."

Na ce amin, na tashi. Ashe duk gidan nan, da cikarsa da hayaniyarsa, mutum ɗaya ce ta san an taɓa yin yaron, ita ce kuma ba ta da bakin faɗa.

Saboda zafi ba wanda ya kwana a ɗaki. Aka baje tabarmi a filin, mata suka zube birjik, ƙwan lantarki ɗaya yana ci a jikin bango, ƙwari suna ta zagaya shi. Daga zaure ana jiyo karatun malamai yana tashi yana sauka. Inna ta zauna a dokin ƙofar wani ɗaki ta naɗe ƙafafunta, wata ta ce mata ba kyau zama a dokin ƙofa, ta ce to, ba ta kuwa tashi ba. Ni ma na kasa kwanciya a filin. Na jingina da bango kusa da ita, in gyangyaɗa in farka, duk farkawar da zan yi idonta biyu, yana yawo a kan masu barci. Sau ɗaya ta dube ni ta ce, "Ke ba za ki kwanta ba?" Na ce zafi ne. Ta ce, "Zafi ne kam." Ban sani ba ko ta gane na sani, ba ta kuma tambaya ba.

Da aka yi sallar asuba, gari ya fara wayewa, malamai suka shafa fatiha, sai na ga Inna ta miƙe ta ɗaura zane a ƙirji sosai. Ta tuɓe takalmanta ta ajiye a gindin bango. Ta ɗauki tsintsiya da wata babbar ƙwarya, ta miƙo mini tulu ta ce, "Taro mini ruwa."

Matar Alhaji ta taso da gudu. "Haba Baba, baƙuwa da shara? Ga yara cike da gida! Wallahi ba za ki ja mana abin faɗa ba." Ta kama tsintsiyar, Inna ta riƙe. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Ki bar ni, 'yata. Na daɗe ban share gidan nan ba." Suka tsaya a haka, kowa ya zuba ido, sai muryar Gwaggo ta fito daga ƙofar ɗakinta.

"Ku ƙyale ta. Ba baƙuwa ba ce."

Ta fara daga kusurwar gabas. Sai ta ɗebi ruwa da hannu ta yayyafa a hankali, ta bari ƙasa ta sha, sannan ta bi da tsintsiya, ba irin sharar da take yi a gida ba mai tashin ƙura, wannan kamar tana shafa bayan jariri ne. Leɓɓanta suna motsi. Mata suka riƙa naɗe tabarmi suna matsawa, wasu suna dariya suna cewa 'yan ƙauye akwai son aiki. Ta sa aka gusar da turmi ta yayyafa ƙarƙashinsa. Ta sa aka ɗaga tukwanen jiya. Ta bi bakin murhu, ta bi bayan famfo, ta bi ƙofar kowane ɗaki. Ni ina ta jigilar ruwa, tulu yana ƙarewa ina komawa, hawaye yana zubo mini ina cewa hayaƙi ne. Rana ta fito ta fara zafi, na san direba yana can yana ɗura mana ashar, ban ce mata ta yi sauri ba. Ko tafin hannu ɗaya ba ta tsallake ba a filin nan, tunda ba ta san wanne ne nasa ba.

Da ta kai bangon ƙarshe ta jingine tsintsiyar, ta kife ƙwaryar, ta tsaya ta dubi filin yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sannan ta sa takalmanta, ta yi sallama da kowa, ta karɓi goron da aka ba ta ta yi godiya.

Mazan gidan duk suna fama da baƙi a zaure, ba a sami wanda zai raka mu ba. Na ɗora ƙullin kayanmu a kai, muka bi lungu muna sauri, muna tambayar hanyar tasha wurin masu tallan koko. Mun yi nisa, tana gaba ina biye, sai na ji ta yi magana ba tare da ta waiwayo ba.

"Da wannan yana nan," in ji ta, "da shi zai ɗaukar mana kayan nan."